Malam Zainu da Tukunyar Jego

Ranar da Malam Zainul Abidin ya yi ritaya daga sakatariyar ƙaramar hukuma, mu mutanen layinmu a Kankia har taya shi murna muka yi. Da mun san abin da zai biyo baya, da mun yi gayya mun je mun roƙa a ƙara masa shekara goma. Ni sunana Sada, tela ne. Shagona yana kallon ƙofar gidansa, tsakanin gidana da nasa kuma darnin kara ne kawai tun da damina ta kayar da katanga. Abin da ban gani da idona ba, na ji shi da kunnena.

Shekara talatin ya yi riƙe da makullin sito, yana lura da tsintsiya da bokitin gwamnati. Da aka karɓe makullin sai ya rasa inda zai sa ido, ya juyo kan gidansa. Ana cikin haka ya ci karo da wani bidiyo a waya. Wani mutum ne a wata ƙasa mai sanyi yake nuna ɗakinsa, babu komai ciki sai kujera ɗaya da kofi ɗaya, yana cewa tun da ya zubar da kayansa ya sami kwanciyar hankali. Shi ke nan, Malam Zainu ya kamu.

"Talaucinmu ba rashin kuɗi ba ne," in ji shi a majalisarmu ta gindin dalbejiya, yana kaɗa yatsa. "Tarkace ne. Doka ɗaya ce tak: duk abin da anka shekara ba a taɓa ba, ba a buƙatar shi. A hid da shi. Ku ba ni wata ukku, za ku ga masu digiri suna layi ƙohwar gidana suna ɗaukar darasi."

Na ce, "To wuƙar layya hwa, Malam?"

Ya ɗan duba sama. "Ita shekara-shekara ce. Ta tsira da ƙyar."

Da ƙananan abubuwa ya fara. Ya kwance ƙwan lantarkin gidan duka ya bar ɗaya, shi ma a aljihunsa yake yawo, duk ɗakin da zai shiga sai ya taka kujera ya ɗaura. Ya yanka sabulu ƙanana-ƙanana kamar sukarin shayi, kowa ƙwaya ɗaya a rana. Ya zauna da reza yana tsaga tsinken ashana gida biyu, a na goma sha ɗaya ya tsaga babban yatsansa, abin da ya kashe a kemis kuwa da ya sayi ashanar da za ta kai shi Sallah biyu. Duk wannan ba mu damu ba, yatsansa ne.

Inda ya fara taɓa mu shi ne kwanon tuwo. A layinmu, in an sauke tukunya da yamma, akan zuba kwano a miƙa wa maƙwabta, su ma su miƙo nasu. Malam Zainu ya ce wannan asara ce mai ƙafa, ya hana. Matata Zuliha ta aika nata kamar kullum, ya dawo da shi da kansa ko murfin bai buɗe ba, ya ce in an karɓa dole a rama. Daga nan ya soke aro. Ba ya ba da tsani, ba ya karɓar turmi. Ya ce gidan da ya san kansa ba ya leƙa gidan wani.

Matarsa Kubura ba ta bi ta kansa ba, don hankalinta yana wani wuri. 'Ya'yanta biyar, huɗu maza, sai auta Kamila da aka aurar Kusada, ga ta da cikin fari ya tsufa. Matan 'ya'yanta maza duk gidajen iyayensu suka tafi haihuwa, kamar yadda aka saba. Wannan ne karo ɗaya a rayuwar Kubura da 'yar da ta haifa za ta dawo gabanta, ta haihu a ɗakinta, ta yi mata wankan jego da hannunta safe da yamma har kwana arba'in, a yanka ragon suna a ƙofar gidanta. Tun cikin yana wata uku take shiri, in tana maganar har muryarta rawa take yi.

Ga kuma tukunyar. Ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku, baƙa ƙirin, sai mutum biyu suke ɗaga ta, kunnenta ɗaya ya karye an ɗaure da waya. Kubura ta gaje ta daga mahaifiyarta a ƙauyensu Fakuwa. Duk macen da ta haihu a layinmu cikin shekara talatin, da ruwan tukunyar nan ta yi jego. In an gama arba'in a wanke ta a mayar da ita lungun bayan madafi, ta zauna a kife sai wata haihuwar. Mijin Kamila, Abdullatif, ya riga ya sauke nauyin da ke kansa, ya sa an jibge itacen wanka amalanke biyu a tsakar gidan.

Ranar Laraba Kubura ta tafi Kusada ɗauko Kamila, za ta kwana biyu. Allah Ya so ta ta kulle ɗakinta. Motar ba ta gama shan kwana ba Malam Zainu ya kira Nagoggo mai sayen gwangwani, ya zo da kurarsa da sikelinsa.

Ina kan keken ɗinki ina kallo kaya suna fita. Tsohon keke, dutsen guga na gawayi, fitilar ƙwai, bokitan ƙarfe. Kujerun tsuguno da tabarmin taro ya ba Nagoggo gyara. Kwano ya bar uku, cokali uku, kofi uku. Buhun tsummokin da Kubura ta wanke ta ninke don jariri ya kai bola ya cinna masa wuta da rabin tsinken ashana. Da na ga su biyu sun rinƙayo tukunyar suna nishi, ban san lokacin da na tashi ba, zare a bakina.

"Malam, wannan hwa ta jego ce!"

"Yaushe rabon a ɗora ta?"

"Haihuwar Zuliha."

"Wata nawa ke nan?"

"Sha huɗu."

"Ta hwaɗi jarrabawa da wata biyu."

"Amma ɗiyarka na tahe, Malam. Yau ko gobe ne."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai je makaranta ba. Ya sa hannu a aljihu, ya wuce ƙwan lantarkin, ya zaro wata 'yar hita, murɗaɗɗen ƙarfe da waya, tsawonta bai wuce tafin hannu ba.

"Ka ga wannan? Ita ce tukunya, ita ce murhu, ita ce itace. Ku telolin ga ba ku san duniya ta ci gaba ba."

Nagoggo ya rataya tukunyar a sikeli, ya biya kuɗin ƙarfen bola, yana yi mini kallon roƙo kada in ƙara magana. Ban taɓa ganin mutum ya tura kura mai nauyi haka da gudu ba. Kafin azahar mai gidan burodi ya zo ya kwashe itacen surukin. Malam Zainu ya share tsakar gida da kansa, ya tsaya a tsakiya ya riƙe ƙugu, ya ɗauki hoto.

Ranar Juma'a da hantsi Kubura ta dawo da Kamila. Ta darni na ji salatinta.

"Innalillahi! An yi mamu sata!"

"An yi maki gyara dai," in ji Malam Zainu. "Shaƙi iska ki ji."

Ba ta shaƙi komai ba. Na ji takunta ta nufi bayan madafi. Zuliha ta ce mini ta leƙa ta gan ta tsaye tana kallon zagayen da bakin tukunyar ya bari a ƙasa.

"Malam, ina tukunyata?"

"Ta yi ritaya. Ni ma na yi, mi ya same ni?"

"Ta uwata ce hwa. Ina itacen yaron mutane?"

"Na maishe shi fasaha. Ke dai zuba ido."

Can sai muryar Kamila, a gajiye. "Baba, to ni ina zan zamna?"

Washegari da safe naƙuda ta tashi, aka kai ta asibiti, kafin azahar ta sauka lafiya, namiji. La'asar suna gida. Kubura ta yanko ganyen dalbejiya ta ajiye, ta naɗe hannu, ta ce to ga fasaha ga mai jego.

Malam Zainu ya cika bokitin roba da ruwa, ya jefa hitar, ya jona, ya jawo kujerarsa ya zauna yana duba agogo yana sanar da minti da ƙarfi don mu ji. A minti na tara wari ya tashi. Hitar ta jingina da gindin bokitin ta huda shi, ruwan ya bi tsakar gida ya shige ƙarƙashin darni ya jiƙa mini takalma. Ya ce kuskuren bokiti ne, a kawo na ƙarfe. Kubura ta ce ya tambayi Nagoggo. Yana cikin neman abin da zai ce aka ɗauke wuta, wutar da ba ta dawo ba sai bayan kwana biyar.

Bai karaya ba. Ya ɗora butar shayi a kurfotin gawayi, ya ce ai ruwa ruwa ne, a tara shi kaɗan-kaɗan a baho. Kafin buta ta bakwai ta tafasa, ta farko ta huce ta koma kamar ruwan randa. Magariba ta kusa, mai jego tana zaune, jariri yana tsala kuka an naɗe shi da ɗankwalin kakarsa.

Sai ga mutumin da ya soke aro ya fito aro. Gidana ya fara sallama, yana gyaran murya, wai yana so ya gwada wata tukunya ne don bincike. Zuliha ta amsa masa daga bayan ƙofa.

"Malam, layin ga kakaf tukunya ɗaya gare mu. Wa zai sayi tashi alhali ta Kubura na nan? Ita ce ka sayar."

Ya bi gida bakwai, amsar ɗaya ce. A gida na takwas tsohuwar gidan ta ce ko da tana da ita ba za ta jawo masa zunubin karya dokarsa ba.

Amma matan layinmu ba za su bar 'yar Kubura ta kwana ba wanka ba. Kowace ta sauke tuwonta ta ɗora ruwa a tukunyar miya, suka riƙa shiga gidan ɗaya bayan ɗaya, tururi na tashi, ana juyewa a baho. Haka aka yi da yamman nan, haka aka yi da safe. Gidaje takwas suna ƙona itacensu, 'ya'yansu suna jiran abinci. Malam Zainu ya zo majalisa ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Kun gani ko? Wanka biyu, ko sisi bai hita daga aljihuna ba. Wannan shi ake kira sistem."

Wallahi ran nan na ji kamar in ɗinke masa baki da baƙin zare.

Kubura ce ta kasa jurewa. Ita da take ba mutane, yau ita ake kawo wa ruwa a tukunyar miya, ga mata masu zuwa barka suna tsaitsaye a tsakar gida ba tabarma, kofi uku yana zagaya mutum ashirin. Ta ce masa kunya za ta kashe ta, ya nemo abin dafa ruwa ko ta halin ƙaƙa. Ya fita, jim kaɗan sai ga shi yana gangaro rabin durom da wani bakanike ya ba shi kyauta. Kalmar kyautar nan sai da ya maimaita mana ita sau huɗu.

Itace babu, sai ya fara zare karan darnin da ke tsakaninmu. Ina faɗa yana cewa darnin ma ya shekara ba a taɓa shi ba. Da karan ya ƙare ya faskara bencin zaurensa. Daga ranar na daina buƙatar kunne, komai na gidan a fili nake ganinsa. Ruwan ya tafasa, sai ga wani baƙin maiƙo yana yawo a kai, launi-launi, wari kuwa har masallaci.

"Baƙin mai anka zuba cikin shi," in ji Kubura. "Ba a jikin ɗiyata ba."

"Maiƙo ne kaɗan. Gyaran hwata ma shika yi."

"To gyara taka."

Mata suna tsaye suna kallo, ba damar ja da baya. Ya ɗebi ruwan a baho ya shiga makewayi yana cewa yanzu za a ga bambancin mai ilimi da mai camfi. Mun ji watsa ruwa sau biyu, sai tari, sai muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa a miƙo sabulu. Aka miƙa ƙwaya ɗaya. Ya ce a ƙaro. Kubura ta ce rabonsa na yau ke nan. Sai da ya haɗa ta da Allah, sannan ta juye masa gwangwanin da ake ajiye shi gaba ɗaya, sabulun wata guda ya tafi a wanka ɗaya. Duk da haka da ya fito majalisa yana ƙyalli yake, idanu jajur, yana susa ta cikin riga, yana wari kamar janareto. Muka matsa masa wuri fiye da yadda ya nema, mai shayi ya roƙe shi ya zauna nesa da wuta.

Ranar Litinin Kubura ta ji labarin an ga Nagoggo da tukunyar a Kusada. Ta ce wa Malam Zainu gobe dangin miji za su kawo ƙauri, in suka zo suka tarar da gidan haka, ita ba ta san inda za ta sa fuskarta ba. Ya tafi bakin hanya tun da safe neman abin hawa zuwa Kusada. Ɗan acaɓa ya faɗi kuɗi, ya ce wannan fashi ne da rana, ya tsaya jiran na kyauta. Wajen azahar ya sami wata akori-kura, ya hau baya kan buhunan taki yana murmushin nasara. Ashe motar sai ta bi ƙauyuka tana sauke takin buhu-buhu, shi ne ma mai taya saukewa. Bai shiga Kusada ba sai bayan la'asar.

"Tun hantsi ta tahi," in ji Nagoggo. "Wata Hajiya ta saye, ko tayi ba ta yi ba. Akwai sauran kaya gida, Malam?"

Ya dawo a kan acaɓa, kuɗin da ya ƙi biya da safe ya biya ninkinsa. A majalisa ya ce mana ya ga tukunyar da idonsa, shi ne ya fasa saye, don mutum ba ya komawa kan abin da ya wuce.

Talata da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidan. Hajiya Hawwa, mahaifiyar Abdullatif, ta fito da mata biyar ɗauke da ƙauri da kayan barka. Doguwar mace ce mai sanyin murya, ba ta ɗaga ta ko sau ɗaya ba ranar nan. Ta shiga ta ɗauki jikanta, ta daɗe a ɗaki, ta fito ta tsaya a tsakar gida. Ta dubi durom ɗin, ta dubi bokitin da ya huje, ta dubi inda darni yake a da, muka haɗa ido na gaishe ta daga gidana. Matan layi sun cika gidan, mazan majalisa kuma sun taso sun tsaya a bakin zaure kamar masu jiran wani. Malam Zainu ya fito da babbar riga, har yanzu da sauran ƙyalli a goshinsa.

"Malam, barka da arziki."

"Barka kadai, Hajiya. Kin ga gida ya yi iska ko?"

"Ƙwarai kuwa. Har na maƙwabta ana gani. Ina itacen da yaron ga ya aiko?"

Malam Zainu ya gyara tsayuwa ya fara darasi. Ya yi maganar sare dazuzzuka, ya yi maganar hayaƙi, ya kawo mutumin nan mai kofi ɗaya. Hajiya ta bar shi sai da ya kai ƙarshe, tana gyaɗa kai.

"Madalla da ilimi," ta ce. "Ni ma jiya na ƙaru. Na shiga kasuwa na iske mutane sun kewaye mai gwangwani suna ta dariya. Shina ba su labarin wani mai boko a Kankia da ya ɗora tukunyar jego bisa sikeli, ɗiyarshi na wata tara. Ni ma na yi dariyar, Allah Shi yahe mani. Sai idona ya kai ga kunnen tukunyar, na ga waya. Kwana biyu Kubura ta yi gidana, ba ta da zance sai na tukunyar ga, har wayar ta kwatanta mani."

Wani a bakin zaure ya yi tari ya fita da sauri.

"Ashe ke ce," in ji Malam Zainu, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "To alhamdu lillahi, abu ya zo gida. A maido ta, in ba ki abin da kinka kashe."

"Haba Malam. In jawo maka tarkace bayan ka sha wahalar gyara? Tana Kusada bisa murhu. Yaron ga ya sake sayen itace, ga tabarmi, ga tsumma. Ba a ɗauko tukunya a kawo inda ba wuta. Mai jego za a kai inda ruwan yake. In ka yarda, da motar ga za mu koma da ita."

Ya waiwayi Kubura, wai ko za ta cece shi. Tana tsaye bakin ƙofar ɗakinta, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Shekara talatin ina hura wa ɗiyan mutane wuta," ta ce. "Duk wadda na ɗora ma tukunyar ga, sai in ce a raina, wata rana tawa ce. Kwana arba'in kawai na roƙi Allah, Malam. Ban taɓa tambayarka zane ba, ban tambaye ka ƙwan lantarki ba. Su kaɗai nika so, su ma ka auna su bisa sikeli."

Ni da na zo kallon dariya, sai na kau da kaina gefe. Matan layi suka sunkuyar da kai, Zuliha tana sharar hanci da bakin mayafi. Hajiya Hawwa ta matsa ta kama hannun Kubura.

"Tukunyarki ce, ɗiyarki ce. Ɗauko mayahinki. Ba wadda za ta yi mata wanka sai ke."

Kubura ta shiga ta fito da ƙullin kayanta, ta kulle ɗakin, ta ja ƙofar sau biyu ta tabbatar. Kamila ta durƙusa ta yi wa mahaifinta sallama tana kuka. Shi kuwa yana tsaye da hannu a aljihu, ina jin ƙwan lantarkin yake riƙe da shi. Motar ta tashi, mata suka watse, kowace ta ɗauki tukunyar miyarta ta tafi.

A Kusada aka yi suna. Mu mutanen layi muka cika bas muka je muka ci ragon da ya kamata a yanka a ƙofar gidan Kubura. Malam Zainu ya zauna a gefen tabarma, mutanen Kusada suna zungurin juna suna nuna shi da baki. Da ma an yi maganar za a sa wa yaron sunansa, sai muka ji liman ya ce Shehu. Hajiya ta aiko a gaya masa kada ya ji komai, an duba ne aka ga gajeren suna ya fi tattalin numfashi.

Arba'in ta cika, Kubura ba ta dawo ba. Aka yi hamsin, aka yi sittin. Malam Zainu yana zuwa majalisa yana ce mana cefanen gidansa bai taɓa sauka ƙasa irin na bana ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi datti. Da yamma ina hango shi a tsakar gidan nan fayau, zaune a kan kujera ɗaya, da kofi ɗaya a hannu, sak mutumin cikin bidiyo, sai dai shi ban ga kwanciyar hankalin ba. Zuliha ta koma miƙa masa kwanon tuwo ta inda darni yake, yanzu ba ya dawo da shi sai a wanke.

Ranar da aka cika sittin da biyar Zuliha ta je Kusada dubo su. Da ta dawo ya tare ta a bakin layi, a gabanmu, ya manta da girman kai.

"Kin gan ta? Ta ce yaushe?"

"Na gan ta, Malam, har ta yi ƙiba. Ta ce in gaishe ka. Ta ce dokarka ce take gwadawa."

"Wace doka?"

"Ta shekara. Ta ce yau wata biyu da kwana biyar ba ta nemi komi wurinka ba, kuma ba abin da ya same ta. Ta ce sauran wata goma ba kwana biyar, kai ka san yadda ake yi da abin da ya cika."

Ba wanda ya yi dariya, sai mai shayi da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Malam Zainu ya laluba aljihu ya ciro ƙwan lantarkin, ya miƙo mini, ya ce in riƙe masa kada ya fashe a hanya. Ya ɗaga wa ɗan acaɓa hannu, ya tattare rigarsa ya hau, ya ce Kusada. Bai tambayi nawa ne ba.